HTML, Markdown ko XML: da wanne za a fara, kuma a hannun wa za a koya?

Ɗan yayata ya ci bak, yana zaman jiran rajista a Jami'ar André Salifou, sai ga shi wata la'asar da tulin fotokofi da aka ɗaure da zoben roba. Wani abokinsa na Sabon Gari ne ya ara masa. Littafin koyon gina shafin intanet ne da Faransanci, an yi ta yi masa fotokofi a kan fotokofi har hotunan ciki sun koma baƙi ƙirin. Ya ce, "Kawu, wannan shi ne na yanzu? Wani ya ce mini HTML5 ake yayi, wani ya ce har na shida ya fito, wani kuma ya ce in bar wahalar da kaina in koyi Markdown. Kada in kwashe wata uku ina haddar abin da aka binne."

Na buɗe misalin farko, na dubi layuka uku na sama, na ce masa littafin nan in bai girme shi ba to sa'ansa ne. Yadda na gane zan zo kansa. Amma tambayoyi biyu ya cusa a buhu ɗaya: wane harshe zai koya, da kuma a hannun wa. Tunda ba shi kaɗai ke tambayar ba a garin nan, gara in warware su a fili.

Duk waɗannan harsuna aikinsu ɗaya ne, sanya wa rubutu alama. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani da hannu ya ga irin abin: baƙaƙe da baƙar tawada, wasali da ja, ga alamar ƙarshen aya, ga adon da ke nuna hizbi. Alamomin ba su ne nassin ba, amma su ke gaya wa mai karatu yadda zai bi shi. Haka kwamfuta take buƙatar a ce mata wannan layin kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan kalma in an taɓa ta za a je wani shafi. Alamar da ake sawa ita ce muke kira baliz a nan, ƴan'uwanmu na Kano su ce tag. Harshen alama ba ya lissafi, ba ya yanke hukunci, don haka wanda ya iya HTML bai zama mai shirya manhaja ba tukuna. Ya dai iya aza tubalin farko.

Maganar "na shida" kuwa, babu shi, kuma dalilin rashinsa shi ne rabin amsar. Tim Berners-Lee ya fitar da jerin alamomin HTML na farko a 1991, yana aiki a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, guda 18 kacal. Ya ɗauko salonsu daga SGML, wani tsohon tsarin sanya wa rubutu alama, wanda hukumar ISO ta amince da shi a 1986. Daga nan lambobi suka yi ta hawa: HTML 2.0 a 1995, 3.2 da 4.0 duk a 1997, sai 4.01 a 1999. A nan ne hanya ta rabu biyu. Ƙungiyar W3C, wadda ke riƙe da ƙa'idar a lokacin, ta ga cewa mutane suna rubuta HTML yadda suka ga dama, sai ta so ta ɗora shi kan tsattsauran tsarin XML, ta fitar da XHTML 1.0 a 2000. A tsarin XML na gaskiya, ka manta rufe baliz ɗaya, shafin gaba ɗaya ya ƙi buɗewa, sai saƙon kuskure. Masu ƙera burauza, wato nabigatar, suka ga jama'a ba za su iya da wannan ba. A 2004 wasu ma'aikatan Apple da Mozilla da Opera suka ware suka kafa WHATWG, suka ci gaba da gyaran HTML na asali. W3C ta haƙura da XHTML 2 a 2009, ta amince da HTML5 a watan Oktoba na 2014, sannan a 2019 ɓangarorin biyu suka yi yarjejeniya cewa ƙa'ida ɗaya ce, wadda WHATWG ke riƙe da ita. Ita kuwa ba ta da lamba. Kullum ana ƙara mata ana rage mata, shi ya sa suke ce mata ƙa'ida mai rai. In ka ji ana cewa HTML5 yau, suna ne da ya kama baki, kamar yadda kowane garin sabulun wanki ya zama omo.

Jin cewa abu kullum yana canzawa shi ke tsorata sabon shiga. Amma dubi abin da ke canzawar. Alamar sakin layi, ta kanu daga h1 zuwa h6, ta jeri, da ta haɗi zuwa wani shafi, duk suna cikin jerin 1991, kuma da su ake aiki har gobe. Shafin intanet na farko a duniya, na CERN, yana nan, kuma yana buɗewa a wayar da ke aljihunka. Masu riƙe da ƙa'idar suna tsoron karya tsofaffin shafuka fiye da yadda suke ɗokin sabon abu. Gini ne irin na Birni: katangar tana nan yadda kakanni suka bar ta, yaɓe ne ake sabuntawa bayan damina.

To wane harshe?

Markdown shi ne mafi sauƙi, nesa ba kusa ba. Daga azahar zuwa magariba ka gama da shi. John Gruber ne ya fito da shi a 2004, don mutum ya yi rubutu da alamomin da ido ke iya karantawa ko ba a juya su ba. Duk mai WhatsApp ya ɗanɗana irinsa, lokacin da yake sa kalma tsakanin taurari biyu don ta yi kauri. Sai dai a kula, a Markdown tauraro ɗaya kowane gefe karkatar da kalma yake yi, sai an sa bibbiyu take kauri. Wannan ƴar saɓanin ita ce babbar matsalarsa ma: ba Markdown ɗaya ba ne. Bayanin Gruber na farko ya bar wurare da yawa a buɗe, kowa ya cike yadda ya so, har a 2014 aka fito da CommonMark don a daidaita, GitHub kuma, shafin da masu shirya manhaja ke ajiye aikinsu, yana da nasa ƙarin, wanda ya kawo jadawali. Ga ɗan jarida, ga malamin da ke shirya darasi a waya, ga ɗalibin da ke tara bayanai, ya wadatar, musamman in an haɗa shi da manhajar Pandoc da ke juya shi zuwa Word ko littafin epub. Amma ba za ka gina fom na rajista da shi ba, ba za ka tsara shafin kanti ba. Kuma a ƙarshe HTML ake juya shi ya koma. Ranar da abu ya karkace, wanda bai san HTML ba sai ya tsaya yana kallo.

XML wani abu ne dabam. Ba shi da alamomin kansa, kai ne ke ƙirƙiro su, shi dokar rubuta su kawai ya shimfiɗa. Ya fito a 1998, kuma bugu na biyar na XML 1.0, na 2008, shi ake amfani da shi har yanzu, don haka mai tsoron canji a nan zai yi barci da minshari. Muna hulɗa da shi kullum ba mu sani ba. Ɗauki fayil na docx, wato na Word, ka sauya ƙarshen sunansa zuwa zip, ka buɗe, za ka tarar da XML cike. Haka hoton SVG, haka epub. Wanda ya fi shafarmu a jihar Damagaram shi ne na masu anket: fom ɗin KoboToolbox da ODK da matasa ke yawo da su ƙauyukan Mirya da Magarya da Tanut suna cikewa a waya, a ƙarƙashinsa XML ne. Amma su kansu masu shirya fom ɗin galibi a Excel suke rubuta shi da tsarin XLSForm, na'ura ta juya. Wanda ke neman aiki a furoje wajen tattara bayanai, sanin yadda ake karanta XML zai fisshe shi ranar da fom ya ƙi hawa. Mai son adana tsofaffin rubuce-rubucen ajami bisa tsarin masana ma zai gamu da TEI, wanda shi ma XML ne. Ban da waɗannan, ban ga dalilin da zai sa yaro ya fara daga nan ba. Ba ya ba ka abin da za ka nuna wa mahaifiyarka ka ce ga abin da na yi.

LaTeX na masu memuwar ne a lissafi da fizik, inda alƙaluma da alamomin lissafi suka yi yawa. Leslie Lamport ya gina shi a kan TeX na Donald Knuth, kuma tsarin da ake bi yanzu tun 1994 yake. Kyan aikinsa babu gardama. Sai dai cikakken kunshinsa gigabait da yawa ne, Overleaf kuma, shafin da ake rubuta shi a intanet, da ke rage wahalar, sai da rezo. In malamin da ke duba aikinka a Word yake gyara, kada ka jawo wa kanka. In kuma akwai Hausa a rubutun, yi amfani da XeLaTeX ko LuaLaTeX tare da fon irin Charis SIL, don tsohuwar hanyar ba ta san ƙ da ɗ ba sai da dabaru.

Akwai kuma salon alamomin Wikipedia, ga masu son rubutu a sashenta na Hausa, amma wannan a bakin aiki ake koyonsa.

Hukuncina dai: mai son rubutu kawai ya ɗauki Markdown ya wuce. Mai son sana'a, ko mai son fahimtar abin da ke ƙarƙashin sauran, ya fara da HTML. Wanda ya riƙe HTML zai karanta XML cikin kwana biyu, Markdown kuwa kyauta zai same shi. Akasin haka ba ya yiwuwa.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, don shawarar da za ka gani a intanet an rubuta ta ne don mutumin da ke da kwamfutarsa, da rezo marar yankewa, da Ingilishi a baki. Mu kuwa abin da za mu auna dabam ne: da wane harshe aka yi darasin, forfe nawa zai ci, zai yi aiki in kuran ya ɗauke, ana iya binsa a waya, sannan yaushe aka sabunta shi.

Fara da littafin takarda, tunda shi ya kawo maganar. Falalarsa ba ƙarama ba ce. Ba ya cin forfe, ba ya jiran caji, kana iya zama da shi a zaure cikin zafin watan Afrilu lokacin da wuta ke wasan ɓuya. Kuma littafi yana da tsari, daga babi zuwa babi, abin da yawon intanet ba ya bayarwa. Illarsa ita ce ba ya gaya maka ya tsufa. Ga yadda za ka kama shi. Dubi layin farko na kowane misali. In ka ga DOCTYPE mai tsawo, da adireshi a ciki, da kalmar Transitional ko Strict, na zamanin HTML 4 ne ko XHTML. Na yanzu kalmomi biyu ne kawai, DOCTYPE html. Sannan ka duba ko yana koyar da baliz ɗin font don sauya launi, ko center, ko marquee mai sa rubutu gudu, ko frameset, ko yana tsara shafi gaba ɗaya da jadawali. Duk an sallame su, aikinsu ya koma hannun CSS, harshen da ke yi wa shafi kwalliya da tsari. In yana da babi kan Flash, wanda aka rufe a ƙarshen 2020, ko yana ta lallashin Internet Explorer, wanda Microsoft ta yi wa ritaya a 2022, ka san inda aka kwana.

Amma gwajin da ya fi duka a wurina shi ne layin charset, inda ake gaya wa burauza tsarin haruffan da aka yi rubutun da shi. Tsofaffin littattafan Faransanci ISO-8859-1 suke sawa, don ya ɗauki é da è da ç, su buƙatarsu ta biya. Tsarin nan ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ, ba shi da ƴ. Yaro ya kwafi layin daga littafi, ya rubuta Hausarsa a manhajar zamani da ke ajiye fayil da UTF-8, ya buɗe shafin, sai ya ga "ƙofa" ta zama "Æ™ofa", "kuɗi" ya zama "kuÉ—i". Sai ya ɗauka wayarsa ce ba ta da kyau, ko Hausa ce ba ta shiga kwamfuta, ya koma rubuta k da d marasa lanƙwasa, ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Alhali gyaran kalma ɗaya ce: a sa utf-8 a layin. Ƙa'idar yanzu ma shi kaɗai ta yarda da shi. Kowane harafinmu yana da lambarsa a Unicode, kundin haruffan duniya na kwamfuta, ƙ tana 409, ƴ tana 436, ɓ tana 595, ɗ tana 599, kuma ba ka buƙatar haddace su, rubuta harafin kai tsaye ya isa. Duk malamin da bai fara da utf-8 ba, littafi ne ko bidiyo ko mutum, ba don mu ya shirya darasinsa ba.

OpenClassrooms shi ne na farko da nake nuna wa wanda ya yi lakkal da Faransanci. Asalinsa Site du Zéro ne, wanda Mathieu Nebra ya buɗe a 1999 yana ɗan yaro, aka sauya masa suna a 2013. Darasinsu na HTML da CSS yana ɗaukar mutum daga sifiri, da harshe mai sauƙi, mataki bayan mataki, kamar malamin da ba ya gajiya da maimaitawa. Karanta darasin kyauta ne, kuɗi sai ga mai neman takardar difloma. Mafi yawansa rubutu ne, in ka tsallake bidiyon forfe zai jima. Tarkon da ke nan shi ne tsofaffin PDF na zamanin Site du Zéro da ke yawo a kile daga hannu zuwa hannu a sibar-sibar. Wasu na zamanin XHTML ne. Sunan marubucin ɗaya, amma shekarun ba ɗaya ba, sai a yi musu gwajin da na faɗa.

W3Schools kowa ya san shi, don shi ke fara fitowa in ka yi bincike. A sani cewa ba shi da alaƙa da W3C, sunan ne ya yi kama, wani kamfani ne na ƙasar Norwe ya kafa shi a 1998. Ingilishinsa gajere ne, wanda ya yi na koleji zai iya bi. Abin da ya fi burge ni shi ne akwatin gwaji: ka sauya misali a take, ka danna, ka ga sakamako, ko a waya. A shekarun baya masana sun yi masa ca kan kurakurai, ya kuma gyara da yawa. Abin da ya rage masa shi ne rashin zurfi. Zai nuna maka yadda ake yi, ba zai tsaya gaya maka dalili ba, kuma talla ta yi masa yawa. Yana da kyau ga mai son tuna abin da ya manta. Wanda ya yi karatunsa duka a can yakan fito da hannu mai sauri da kai marar tambaya. Takardar shaidarsu ta kuɗi ce, ni kuwa ban ga abin da za ta ƙara wa wanda ke iya nuna shafin da ya gina ba.

MDN shi ne wanda ba za ka rabu da shi ba in ka shiga sana'ar. Mozilla ce ta fara shi a 2005, daga baya Google da Microsoft da Samsung suka shigo suna taimakawa. Kowace baliz tana da shafinta: ma'anarta, misalinta, waɗanne burauza ke gane ta, da gargaɗi a sama in an daina amfani da ita. Akwai fassarar Faransanci, mai kyau kuwa, sai dai wani lokaci tana bin ta Ingilishi a baya, don haka in abu sabo ne ka leƙa asalin. Yana da sashen koyar da sababbi, wanda ya fi na W3Schools zurfi, amma ya fi na OpenClassrooms nauyi. Ni ina ɗaukarsa ƙamus ne. Ba a koyon harshe da karanta ƙamus daga bango zuwa bango, ba a kuma zama marubuci babu shi. Ga dabara ga masu fama da rezo: shafin DevDocs yana ɗauke da bayanan HTML da CSS na MDN, kuma yana barin ka sauke su cikin burauzarka ka karanta ba intanet, da Ingilishi dai. Sauke sau ɗaya inda ka samu wifi, ka huta.

freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, salonsa dabam ne: ba ya barin ka zauna kana karatu, kowane mataki sai ka rubuta da hannunka kafin ka wuce. Kyauta ne har takardar shaidar. Ga mai kwamfuta da rezo tsayayye da ɗan Ingilishi, yana gina hannu fiye da sauran. A waya kuwa, rubuta alamomin baliz da ɗan yatsa ɗaya azaba ce, kuma in rezo na yankewa za ka gaji kafin ka yi nisa.

Bidiyon YouTube shi matasa suka fi so, shi ne kuma ya fi cinye kuɗinsu. Awa ɗaya ta bidiyo za ta ci abin da shafukan rubutu za su yi kwanaki ba su ci ba. Akwai masu koyarwa da Hausa daga Najeriya, kuma jin bayani da harshen uwa yana buɗe kai ta yadda wani harshe ba ya yi, wannan ba na musu. A dai lura kalmominsu na aiki na Ingilishi ne, namu na Faransanci, sai mutum ya riƙe biyun. Babbar illar bidiyo ita ce ruɗi: kana kallon gwani yana yi, sai ka ji kamar ka iya. Kallon dukawa suna ɗinka fata bai taɓa mai da kowa baduku ba. A duba ranar da aka ɗora bidiyon, a kuma buɗe fayil a gefe ana rubutawa.

Ita ƙa'idar kanta, ta WHATWG, tana nan a buɗe kyauta ga kowa. Na sha jin masu cewa a je tushe kai tsaye. Ba wa sabon shiga wannan daidai yake da miƙa wa ƙolon da bai gama babbaƙu ba babban littafin fiƙihu. An rubuta ta ne musamman don masu ƙera burauza, da Ingilishi mai tsauri, kuma girmanta ya isa ya sa ƙaramar waya ta sandare in ka buɗe ta a shafi ɗaya. Akwai bugun da aka rage don masu gina shafuka. Amfaninta sai ranar gardama, in malamai biyu sun saɓa. Manhajojin hira masu basirar na'ura kuwa suna bayani da haƙuri, har da Faransanci, amma daga tsoho da sabon rubutun intanet suka koya, sukan haɗa maka biyun a kwano ɗaya. Abin da suka ba ka, ka gwada shi kafin ka yarda.

Saura bin canji. A nan ra'ayina ya saɓa da na masu cewa kullum sai ka karanta labaran fasaha. Mutumin Damagaram da ke gina shafi don mutanen Damagaram ba ya buƙatar abin da ya fito jiya, hasali ma cutar da shi zai yi. Masu buɗe shafinka da Tecno da Itel za su buɗe, wasu wayoyin sun shekara ba a sabunta burauzarsu ba, wasu kuma Opera Mini suke amfani da ita don tsimin forfe. Tun 2023 akwai wata alama da ake kira Baseline, za ka gan ta a saman shafukan MDN. Tana nuna ko sabon abu ya shiga Chrome da Edge da Firefox da Safari duka, sannan in ya cika wata 30 da shiga sai a ce ya yaɗu. Jira wannan matakin na biyu. Lissafin nasu ma bai haɗa da Opera Mini ba, don haka sai ka ƙara da shafin Can I use, wanda ke ware mata gurbinta. Na ƙarshe, duk shafin da ka gama ka kai shi ga mai duba kuskure na W3C, ka manna rubutun, zai lissafo maka baliz ɗin da ka manta rufewa da wadda aka sallama. Wannan mai dubawa shi ke koya maka sabuwar ƙa'ida ba tare da ka je nemanta ba, don ranar da wani abu ya tsufa shi zai fara gaya maka.

Ba wai sababbin abubuwan ba su da amfani ba. Wasunsu kamar don mu aka yi. Sa loading da lazy a kan hoto yana hana shi sauka sai mai karatu ya kusa kaiwa wurinsa, wanda tsimin forfe ne kai tsaye. Baliz ɗin picture da srcset suna ba ƙaramar waya ƙaramin hoto. Details da summary suna yin rubutu mai naɗewa da buɗewa ba tare da JavaScript, harshen shirya manhaja na burauza, ba, dialog kuma, da ta shiga manyan burauza duka a 2022, tana yin akwatin saƙo. Irin waɗannan a shekara ba su da yawa. Zama ɗaya bayan kowace sallar idi ya isa ka san su.

Akwai wani abu ƙarami da babu darasin da zai tuna maka. A baliz ta farko ana faɗin harshen shafi. Littafin Faransanci zai sa fr, na Ingilishi en, yaro ya kwafa, sai burauza ta ɗauka Hausarsa gurɓataccen Faransanci ne. Namu ha ne, in kana son fayyace ta Nijar ka sa ha-NE. In ajami ne, ha-Arab, tare da dir da rtl don rubutu ya taso daga dama. Tunda kundin mulkin Nijar da aka ƙaddamar a 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ina sa ran shafukan Hausa za su ƙaru a ofisoshi da makarantu, kuma wanda ya san waɗannan ƴan haruffa biyu zai fi wanda ya haddace baliz ɗari.

Abin da na tsara wa ɗan yayata shi ne: darasin OpenClassrooms a matsayin malami, MDN a gefe don dubawa, mai duba kuskure a ƙarshen kowane aiki, bidiyo sai in wani abu ya ƙi shiga kai. Littafin fotokofin ban ce ya mayar ba, na ja layi da jan biro a kan babobin da zai tsallake, na gyara masa layuka ukun sama. Na kuma hana shi gina shafin gwaji marar ma'ana. Mahaifiyarsa tana saida turaren wuta da humra, na ce ya yi mata shafi da Hausa, da hotuna da farashi, jika nawa kowace kwalba, ya buɗe shi a wayarta ba a kwamfutata ba.

Bayan sati uku ya dawo da shi. Mai duba kuskure ya kama masa guda bakwai, huɗu duk hotuna ne da bai rubuta musu bayanin alt ba, wato rubutun da ke faɗin abin da ke cikin hoto. Ƙ da ɗ sun fito daram. Shafin dai fari ne fat, rubutu baƙi, kamar takardar sammaci. Ya ce, "Kawu, to shi CSS ɗin da zai sa masa kwalliya, na nawa ake ciki? Na ga ana cewa CSS3." Na ce masa shi ma tun bayan na 2.1 aka farfasa shi gida-gida, kowane yanki da tasa lambar, launi yana matakinsa, tsarin shafi yana nasa. Ya jawo kujera, na ce ya fara kai wa uwarsa wayarta, tun ɗazu take aiko ƙanwarsa.